Darasi: Masauki Ga Matashin Da Ya Tuba Daga Shaye-shaye

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya kashe rai ɗari, sannan ya nemi tuba. Malamin da ya tambaya ya yi masa bushara, kuma ya umarce shi ya bar garinsu, ya koma cikin salihai. Ashe tuba tana buƙatar sauyin wuri da abokai.

Matashinmu na Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, idan aka sallame shi daga Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau, yakan koma majalisar da ya koyi shan kodin. Haramta kodin a 2018 bai watsa majalisar ba. Abin da yake buƙata shi ne masaukin wucin gadi na wasu watanni: babu mari, babu duka, sai sallar jam'i, ganin likita da koyon sana'a.

A mazhabarmu ta Malikiyya ba a gini da zakka, domin haƙƙin jinsi takwas ce da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Saboda haka gidan ya fito daga waƙafi, abincinsa da jarinsa kuwa, in matalauci ne, daga zakka. Muna roƙon kwamitocin masallatai su isar da wannan ga masu gidaje.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.