"Furious": Kalmar Turanci Ta Wanda Ya Harzuƙa

Ranar Juma'a a kasuwar shanu ta Wudil, wanda dillali ya ɓata wa lokaci haushi yake ji. Wanda aka sayar wa saniya marar lafiya fushi ya yi. Shi kuwa wanda aka arce da kuɗin bijiminsa ya harzuƙa, idonsa ya rufe. Bahaushe ba ya haɗa ukun nan a kwando ɗaya, amma da ɗalibi ya ɗauki biro zai rubuta Turanci, sai ya kira su duka "annoyed".

Turanci ma hawa-hawa yake. "Annoyed" jin haushi ne, "angry" fushi, "furious" kuwa ta wanda ya cika ya batse ce. Tushenta Latin ne, daga "furia", kuma da wannan sunan Romawa ke kiran allolin ramuwar gayya na tatsuniyoyinsu.

Kuskure na farko da ake yi da kalmar shi ne "very furious". Kalmar ta riga ta kai ƙarshen zafi, shi ya sa masu harshen suka fi cewa "absolutely furious". Na biyu, abin da ke biye mata: idan da mutum ake fushi, "furious with him", idan kan wani lamari ne, "furious about the price". Sunan fushin "fury", yadda aka aikata abu cikinsa kuma "furiously".

"Furious" tana kuma nufin tsananin gudu ko ƙarfi, kamar na guguwa. Wannan ma'anar na cikin sunan fim ɗin tseren motoci na Amurka, The Fast and the Furious, na 2001.

Ga matasan Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil, zancen ya wuce jarrabawa. Idan shaida ya ce "ransa ya ɗan ɓaci" aka rubuta "furious", an ɗora wa wanda ake tuhuma zafin da bai yi ba, kuma takardar na iya isa gaban alƙali. Ya kamata jami'in da ke rubutawa ya fara tambayar shaidan me ya gani: tsaki aka yi, ko an ɗaga murya, ko har an zaro sanda?

Ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da masu shirin WAEC su raba shafi gida uku: haushi, fushi, harzuƙa. Duk sabuwar kalma, irin su "irritated", "livid" ko "enraged", a duba ƙamus, a sa ta a gidanta, a gina mata jimla ɗaya daga abin da aka gani a kasuwa ko tasha a makon.