DARASI: Ces da Malaminta na Cikin Waya

Kowa ya san dara. A kan haƙa gurabu 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12. To, akwai wata irin dara wadda Turawa su ke kira ces, Larabawa kuwa shaɗaranji. Asalinta daga ƙasar Indiya ne. Daga can ta shiga Farisa, ta shiga ƙasashen Larabawa, har ta kai Turai. A Borno ma, da can, a kan yi irinta, sunanta tsatsarandi.

A kan allo a ke yinta. Allon yana da gidaje 64. Mutum biyu ke wasa, kowa da 'ya'ya 16: sarki 1, sarauniya 1, soro 2, giwa 2, doki 2, da dakaru 8. Kowanne da irin tafiyarsa. Wanda ya ritsa sarkin abokin wasansa, har ya rasa gidan gudu, shi ya ci.

Yanzu na'ura ta iya wasan nan ƙwarai. A 1997 wata kwamfuta mai suna Deep Blue ta ci Garry Kasparov, gwanin duniya na lokacin. Yau wayar hannu ma tana iya cin gwani. Amma ku lura. In yaro ya yi kokawa da ƙato sau ɗari, ya sha kaye sau ɗari, me ya koya? Ba abin da ya koya sai jin jiki. Haka wanda ya ke ta wasa da na'ura ba tsari. Ƙarfin malami ba shi ke koyarwa ba. Tsarinsa shi ke koyarwa.

Wannan ya sa waɗansu malamai biyu na ƙasar Holan, Rob Brunia da Cor van Wijgerden, suka shirya hanyar koyo a 1987. Yau tana da matakai 6. Daga baya aka zuba matakan farko cikin manhaja mai suna Chess Tutor. Manhaja ita ce shirin da a ke sa wa kwamfuta ko waya don ta yi wani aiki.

Mataki na farko darasi 15 ne. Ba a fara shi da ritsa sarki. Da fari ka san allo. Sa'an nan ka san tafiyar kowane ɗa, da yadda a ke ci, da yadda a ke tsare ɗa kada a ci shi. Kana kuma koyon darajarsu. Dakare 1 ne, doki 3, giwa 3, soro 5, sarauniya 9. In ka ba da doki ka ci soro, ka ci riba 2. In ka ba da sarauniya don soro, ka yi hasarar 4.

A mataki na biyu a ke koyon dabaru. Ga guda. Dokinka ya sauka gidan da ya ke neman sarki da soro gaba ɗaya. Tilas sarki ya kauce. Da ya kauce, sai ka ci soro.

Ga yadda manhaja ta ke bi da ɗalibi. Ta fara yi masa bayani kaɗan. Sa'an nan ta jera 'ya'ya, ta ce ya nemo tafiyar da ta fi. In ya kuskure, ta nuna masa, ya sake. Bayan wannan su yi ɗan gajeren wasa da 'ya'ya kaɗan. Ba ta gajiya, ba ta yi wa kowa dariya. Amma ba ta iya zaunar da malalaci. Mai tsallake darasi shi ya cuci kansa, don na gaba a kan na baya ya ke zaune. Da rarrafe yaro kan tashi.

Abu guda ya rage. Kowane gida na allon yana da suna. Layukan tsaye su ne a, b, c, d, e, f, g, h. Na kwance kuwa 1 zuwa 8. Inda layin e ya gamu da layin 4, sunan gidan e4. Da haka a ke rubuta wasa duka. Wanda bai san baƙi da lamba ba, ko an ba shi wayar kyauta, ba zai iya bin darasin ba. Ashe matakin da ya riga na farko, shi ne wanda ku ke kai a ajin nan. Kada ku yi fashi.

TAMBAYOYI

1. Gidaje nawa ne a allon ces?
2. Ka ba da giwa ka ci sarauniya. Ribarka nawa?
3. Don me ba a fara koyo da ritsa sarki?
4. Zana allon a ƙasa, ka rubuta baƙaƙe da lambobi, ka nuna gidan c6.