Haɗarin Rumbunan Ma'adinai ga Leburori

Hakimai da malamansu sun san kowace shekara, in an gama girbi, samari suna fita cin rani, waɗansu su nufi wuraren wankin kuza a Jos, waɗansu ma'aikatun siminti na Sakkwato da Ashaka, waɗansu kuwa wuraren fasa dutse. A waɗansu daga cikin wuraren nan akwai rumbunan ƙarfe masu tsawo, inda ake zuba yashi ko tsakuwa ko niƙaƙƙen dutse ta sama, ana ɗiba ta ƙasa. Gindinsu tamkar mazurari yake.

Muddin kaya suna zuba sosai, haɗari kaɗan ne. Ɓarna tana aukuwa sa'ad da rumbu ya toshe. In danshi ya shiga, sai saman kayan ya daskare ya yi ɓawo, alhali an riga an kwashe na ƙarƙashinsa, watau ya zama rufi bisa kogo. Lebura ya duba ya ga kamar ƙasa ce mai ƙarfi, ya sauka da shebur don ya buɗe hanya, sai ɓawon ya burme da shi. Wani lokaci kuma kayan da suka manne a bango ne ke rufto masa. Yashin da zai cika ramin mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi ya yi nauyin buhun siminti wajen 30. Wanda ya nutse zuwa ƙugu ba ya iya fid da kansa. In ya kai ƙirji, duk numfashin da ya fitar sai yashin ya ƙara matse shi.

Saboda haka a gargaɗi masu tafiya kada kowa ya taka kayan da ke cikin rumbu, ko da heluma ne ya umurce shi. A fara zungura daga waje da dogon ƙarfe. In shiga ta zama tilas, a tsai da injin zubawa da na ɗiba, a sa kwaɗo a makunninsu, mai shiga ya riƙe mabuɗin. A ɗaura masa ɗamarar tsaro da igiya daga sama, gajera, wadda ba za ta bar shi ya nutse ba, wani kuma ya tsaya a baki yana dubansa. In abu ya faru, mai tsaron nan ya yi kururuwa, kada ya bi shi ciki, gama sau da yawa haka ake rasa mutum biyu.

In labarin irin wannan haɗari ya zo gaban hakimi, malami ya rubuta ko an kulle injin, ko da igiya, da wanda ya ba da umurnin shiga, sa'an nan a aika wa jami'in duba ma'adinai na jihar.