Filin Wasan Da Ba Ya Korar Kowa

 A allonmu na wannan makon mun ɗauko darasi daga ƙasar Amurka, a kan yadda ƙungiyoyin sa kai suke haɗa kuɗi da ƙarfi su gina wa unguwa filin wasan da kowane yaro zai iya shiga, har da mai keken guragu da makaho da kurma.

Da farko mu sani cewa wasa haƙƙin yaro ne. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita a 1989, ta faɗi haka a sashe na 31. Ba ta ware yaro mai lafiyar ƙafa daban ba.

To me yake hana yaro mai buƙata ta musamman shiga filin wasa? Yawancinmu za mu ce ƙofa ko matakala. Gaskiya ne, amma babban abin da yake korarsa shi ne ƙasar wurin kanta. A filayen wasa da yawa ana zuba yashi ko ɓarɓashin katako a ƙarƙashin lilo, domin idan yaro ya faɗo kada ya karye. Niyyar mai kyau ce. Sai dai tayar keken guragu nutsewa take yi a cikin yashi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan ga-ruwa yana fama da kurarsa a cikin rairayi ya san abin da muke nufi. Yaron zai zo har bakin fili, yana ganin lilo da idonsa, amma ba shi da hanyar isa gare shi. Sai ya zama ɗan kallo.

Irin wannan ne ya faru da wata mata mai suna Olenka Villarreal a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya. Tana da 'ya mai buƙata ta musamman. Garin na masu kuɗi ne, yana da filayen wasa da yawa, amma ta rasa guda ɗaya da 'yarta za ta yi wasa a ciki yadda ya kamata. Da ta kai kuka ga hukumar gari, sai aka ba ta fili a wani lambun shaƙatawa mai suna Mitchell Park, aka bar mata aikin nemo yawancin kuɗin. Ita da wasu masu aikin sa kai suka shafe shekaru suna neman taimako. Aikin ya ci kusan dala miliyan 4, kuma mafi yawansu gudummawar jama'a ce. An buɗe filin a watan Afrilu na 2015, aka sa masa suna Magical Bridge.

Abin da ya fi burge mu shi ne tunanin da aka yi a kan kowane abu. Daɓen wurin sumul yake, keke yana tafiya ba ya maƙalewa. Akwai ɗakin wasa mai hawa biyu wanda mai keke zai iya kaiwa samansa. Akwai abin juyawa wanda yake daidai da ƙasa, mai keke ya turo kekensa ya shiga, a juya da shi tare da sauran yara. Akwai wata molo ta haske marar tsirkiya, idan ka gitta hannunka ta cikin hasken sai ta yi sauti. Sannan an tanadi ƙananan wuraren keɓewa domin yaran da hayaniya take rikita su, su ɗan huta su dawo.

Masana wannan aiki suna bambanta abu biyu, kuma nan ne zuciyar darasinmu. Akwai filin da yaro zai iya shiga, akwai kuma filin da zai iya wasa tare da 'yan uwansa. Idan aka kafa lilo guda ɗaya a can gefe aka ce wannan na guragu ne, an cika sharaɗi na farko amma an faɗi na biyu. A ganinmu wannan ma wata wariya ce, fenti kawai aka shafa mata. Wane yaro ne yake son a nuna shi da yatsa a ce ga na wancan lungun? Daɗin langa da 'yar gala-gala ai a cikin taro yake.

Yanzu sai maganar kuɗi, domin daɓen roba da irin waɗannan kayan wasa suna da tsada sosai. Shi ya sa da wuya ƙungiya ɗaya ta ɗauki nauyin aikin ita kaɗai. A Amurka akwai tsofaffin ƙungiyoyin taimakon al'umma kamar Rotary da aka kafa a Chicago a 1905, da Kiwanis a Detroit a 1915, da Lions a Chicago a 1917. 'Yan kasuwa ne da likitoci da malamai da sauran ma'aikata suke haɗuwa a cikinsu. A garuruwa da dama rassan waɗannan ƙungiyoyi sukan haɗa kai a kan filin wasa ɗaya. Hukumar gari ta ba da fili, ƙungiyoyi su shirya tarukan neman gudummawa, wani kamfani ya biya kuɗin lilo, mai motar haƙa ƙasa ya yi aiki kyauta. Wasu ma bulo suke sayarwa, a rubuta sunan wanda ya saya a jiki, a jera a kan hanyar shiga filin. Wannan dabarar ta ba mu dariya, amma fa tana kawo kuɗi, saboda ɗan Adam yana son ganin sunansa.

Akwai kuma wata ƙungiya mai suna KaBOOM! da aka kafa a 1996. Abin da ya tayar da hankalin Darell Hammond, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, shi ne labarin wasu yara biyu da suka rasu a cikin wata mota da aka yasar a birnin Washington a 1995. Sun shiga wasa ne a ciki, a unguwar da ba ta da filin wasa a kusa. Tsarin ƙungiyar shi ne ta haɗa unguwa mai buƙata da kamfanin da zai ba da kuɗi. Kafin a sayi komai sai an tara yaran unguwar, a ba su takarda da fensir mai launi, kowa ya zana filin da yake so. Daga zanensu ake fitar da tsarin. Ranar gini kuma mutane kamar 200 ne suke fitowa, su haɗa kayan wasan cikin yini ɗaya.

Da muka karanta wannan sai muka ce ai aikin gayya ne. Yadda kakanninmu suke taruwa su nome gonar mutum ɗaya ko su yi yaɓen masallaci, haka waɗannan suke yi. Bambancin kawai shi ne sun fara da tambayar yara. Mu a nan sau nawa aka taɓa tambayar ɗalibi mai sanda ko mai keke abin da yake so kafin a yi gini?

Kuma Rotary ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Reshenta na farko a Najeriya a Kano aka buɗe shi a 1961, kuma tun 1985 ƙungiyar take cikin yaƙi da cutar shan inna a duniya. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Alhamdu lillahi. Amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, wasu yayyenmu ne, wasu sa'o'inmu. Kuma sun nuna mana ba su ƙi wasa ba. Ƙwallon guragu, wadda ake bugawa da hannu a kan ɗan katako mai taya, a Najeriya aka ƙirƙiro ta, kuma Misbahu Lawan Didi ne ya assasa ta a 1988. Me wannan wasan yake buƙata? Daɓe mai sumul. Mun sake dawowa kan maganar ƙasa ke nan.

Ba muna cewa a kwaso tsarin Kalifoniya a dasa a nan ba. Abin zamewa na ƙarfe a ranar watan Afrilu zai iya ƙona cinyar yaro, daɓen roba ma yana ɗaukar zafi. Mu a wurinmu inuwa ce farko, wato darbejiya ko rumfa. Sai hanya mai daɓen siminti daga aji zuwa inuwar, mai faɗin da keke zai wuce. Sai ƙwallo mai ƙararrawa a ciki domin makafi su bi sautinta. Ƙungiyar iyaye da malamai, da ta tsofaffin ɗalibai, da ta matasan unguwa za su iya raba wannan a tsakaninsu, wani siminti, wani yashin kwaɓi, wani ladan birkila.

Doka ma tana bayan wannan magana. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, kuma wa'adin ya cika tun farkon 2024.

Ga ɗan lissafi ga 'yan ajinmu. A ƙa'idar gini ta Amurka, gangaren da ake yi wa keken guragu bai kamata ya wuce 1 cikin 12 ba. Ma'ana, duk tsayin santimita 1 yana buƙatar tsawon santimita 12. Idan barandar aji ta ɗaga santimita 30 daga ƙasa, sai mu ce 30 sau 12, ya ba mu santimita 360, wato mita 3.6. Duk gangaren da ya gaza haka ya yi tsaye da yawa, mai keke ba zai hau shi kaɗai ba, kuma wajen saukowa zai iya kifawa. Muna roƙon kowane aji ya ɗauki rula a lokacin tara ya auna tsayin barandarsa, ya ninka sau 12, ya kawo wa sakataren kulob amsar a takarda. Za mu liƙa su a allon mako mai zuwa, mu kuma miƙa kwafi ga shugaban makaranta kafin zaman iyaye da malamai.