Gidan Yuro Ɗaya a Ƙauyen Italiya

TAMBAYA: Ina yawan jin wai a wasu ƙauyukan Italiya ana sayar da gida yuro ɗaya kacal. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma Allah Ya hore mini ɗan abin hannu. Da gaske ne? In na saya na gyara, za a ba ni takardar zama da iyalina?
Mai karatu, daga Kano

AMSA: Da gaske ne, ba damfara ba ce. Vittorio Sgarbi, magajin garin Salemi da ke tsibirin Sisili a lokacin, shi ya fara kawo shawarar a 2008, daga baya garuruwa irin su Gangi da Mussomeli da Sambuca suka bi sahu. Matasa sun watse zuwa birane, tsofaffi sun rasu, gidaje sun koma kufai. Wasu a Sambuca da Salemi tun girgizar ƙasar 1968 suke a tsage. Hukumar gari mutane take nema, ba yuronka ɗaya ba.

Sai tambayarka ta biyu, wadda ita ce mai zafi: a'a. Mallakar gida a Italiya ba ta ba ka izinin zama. Da bizar yawon buɗe ido, kwana 90 kake da su cikin kowane 180, ko da gida goma ka saya. Akwai bizar masu zaman kansu, amma sai ka nuna kuɗin shiga na kusan yuro 31,000 a shekara da ba na aiki ba, kamar haya ko fansho, kuma ba za ka yi aiki a can ba. Spaniya ma da take ba masu sayen gida takarda ta rufe ƙofar a 2025. Kafin ma a kai nan, dokar Italiya ta ce baƙon da ba mazauni ba zai sayi gida ne kawai in ƙasarsa na barin 'yan Italiya su saya. Notaio, wato jami'in da ke rubuta cinikin, shi zai tantance wannan. Tambaye shi tun kafin ka sayi tikiti.

To, sai batun kuɗi. A Sambuca, a 2019, yuro ɗaya farkon tayi ne a gwanjo, kuma gidaje da dama sun tashi a dubbai. Za ka ajiye jinginar yuro 5,000, ka kammala gyara cikin shekara 3, in ka gaza ta tafi. Ga harajin rajista, kashi 9 cikin 100 ga gidan da ba mazauninka ba ne, ba ya kasa yuro 1,000. Ga ladan notaio, ga na geometra mai awo da zane da neman izinin gini, ga harajin gida na IMU duk shekara. Ba ka ma taɓa rufin ba tukuna, wanda galibi ya rufta. Lungunan kuma matsattsu ne, babbar mota ba ta shiga, sai a yi ta jidon siminti da ƙaramar mota ko da hannu, kuma kai za ka biya. Tsohuwar unguwar Sambuca tun zamanin mulkin Larabawa take, lokacin da sunan garin Zabut. Kyanta ke nan, wahalarta ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne takardu. Yawancin gidajen nan ba na hukuma ba ne, gidajen gado ne. Kai Bakano ne, ka san yadda gidan gado a cikin Birni yake: magada ashirin, kowa da kasonsa. Bambancin kawai, a nan wani yana Ajantina, wani yana Amurka, kuma sai kowa ya sa hannu. Wani lokacin ma an ƙara ɗaki ba izini shekaru hamsin da suka wuce, ba ya cikin taswirar hukuma, ciniki ya tsaya cak.

A ganina, in dai gidan hutu kake so kuma kana da halin zuwa ka tsaya kan magina da kanka, ka bar na yuro ɗaya. A garuruwan nan akwai gidaje masu rufi da ruwa da wuta da ake sayarwa a kasuwa kan 'yan dubban yuro, ba wa'adi, ba jingina. Ka je da sanyi, ba da bazara ba, ka kama haya wata guda, ka ga nisan asibiti da masallaci da mahauci, kuma ka ɗauki lauyanka da ba dillali ne ya kawo maka shi ba.