Yadda ake jinyar ramin haƙori bayan an cire shi

Gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne ainihin maganin, aikinka kawai gadinsa. Duk wanda ya ce maka a kasuwar Kwari ka cusa garin taba, ko kanwa, ko ka ɗiga turare a wurin, yi masa godiya ka wuce.

Audugar da likita ya sa maka, cije ta minti 30 zuwa 45, ban da surutu. In jinin bai tsaya ba, sa wata mai tsabta ka sake cijewa. Kumburi kuma, naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora a kunci, minti 15 ka sauke.

Awa 24 na farko a nan ake ɓata aiki. Ba kurkurar baki, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba zuƙar lemo da tsinke, ba zura harshe ana lalube. Sigari da shisha a jingine su aƙalla kwana 3. Alwala ce ke kayar da mutane: hannu ya saba, kafin ka ankara ka kurkure ka fesar, gudan jinin ya bi ruwa. A Malikiyya kurkurar baki sunna ce, ba farilla ba, alwalarka ta yi ko da ka bar kurkurar a ranar. Yawu mai ja-ja kuwa ba abin tsoro ba ne, goge shi a hankali.

Zugi: paracetamol da ibuprofen, yadda likita ya rubuta, ibuprofen ɗin bayan an ci abinci. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba a kowane kemis na Sabon Gari. Amma mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su tambaya tukuna. Alabukun ne nake hana kowa: asfirin ne a ciki, yana hana jini daskarewa.

Washegari a fara ruwan gishiri. Rabin ƙaramin cokali a kofin ruwa mai ɗumi, ka gumtsa, ka karkata kai ya kwanta a wurin, ka bar shi ya zubo da kansa. Bayan kowane abinci, har mako guda. Kunu da koko su huce, tuwo mai laushi ta ɗaya ɓangaren. Kilishi, goro, rake da aya su jira. Asuwaki ya kauce wa ramin.

In a kwana na 3 ko na 4 ciwon ya dawo ya fi na da, yana harbawa har kunne, baki na wari, to gudan jinin ya fita, ƙashi ya tsaya a fili. Ƙwaya ba ta cika kashe wannan zugin ba, sai likita ya wanke ramin ya sa magani a ciki. Koma wurin wanda ya cire maka. In kuwa zazzaɓi ya shigo, kumburi ya gangara wuya, ko haɗiya ta yi wuya, hau adaidaita zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala a daren nan, kada ka jira gari ya waye.