Darasi na 12: Tambaya Rabin Ilimi

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi za ku iya amsa tambayoyi a kan katun da labarin ƙasa da sararin samaniya. Za ku kuma iya tsara tambayoyinku da Hausa.

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, bayan an ci abincin dare, yara sukan taru a tsakar gida ko a dandali su yi kacici-kacici. Wani yakan ce, "Baba na ɗaka, gemu na waje." Mai kaifin tunani sai ya ce wuta da hayaƙi. Idan kowa ya kasa, sai a ba mai tambaya gari kafin ya faɗi amsa. Wataƙila kun san irin wannan wasa a harshenku, domin Yarabawa suna da àlọ́, Ibo kuma suna da gwam gwam gwam.

A yau makarantu sukan shirya gasar kacici-kacici, a zaɓi ɗalibai kaɗan su wakilci makarantarsu. Sau da yawa maki ɗaya ne yake raba wanda ya ɗauki kofi da wanda ya koma gida hannu rabbana. Ɗalibin da ya haddace amsa kawai yakan rikice da zarar an juya masa tambaya, amma wanda ya san dalilin amsar ba ya jin tsoro. Saboda haka, yayin da kuke karatu, ku lura da kowace amsa tare da dalilinta.

Kashi na Farko: Katun

Katun fim ne na zane. Shin zane yana motsi? A'a. Masu zane sukan yi hotuna masu yawa, kowanne ya ɗan bambanta da wanda ya gabace shi. Fim yakan nuna hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, sai ido ya ga kamar abin yana tafiya. A da, da hannu ake zana su a takarda, amma yanzu an fi amfani da kwamfuta.

Mickey Mouse ɓera ne, kuma ya yi suna a shekarar 1928 a wani gajeren fim na Walt Disney, mutumin Amurka. Tom da Jerry sun fara fitowa a 1940. William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙirƙire su. Tom muzuru ne, Jerry kuwa ɓera, kuma kusan kullum ƙaramin ne yake cin nasara da wayo. A tatsuniyoyin Hausa ma haka Gizo yake yi wa manyan namun daji.

A fim ɗin The Lion King na 1994, sunan ɗan zakin Simba. Wannan kalma ta harshen Suwahili ce, ma'anarta zaki, kuma ana jin harshen a Kenya da Tanzaniya. Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba. Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino domin yara su san al'adun Afirka. A 2024 kuma aka fitar da Iwájú, wanda labarinsa ya faru a birnin Legas na nan gaba.

Kashi na Biyu: Labarin Ƙasa

Mu fara daga gida. Nijeriya tana da jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya, da ƙananan hukumomi 774. Jihar Kano ce ta fi kowace jiha yawan ƙananan hukumomi, tana da 44. Jihar Neja ta fi kowacce faɗin ƙasa, Jihar Legas kuma ita ce mafi ƙanƙanta, duk da ɗimbin jama'arta. An mayar da hedkwatar ƙasa daga Legas zuwa Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, domin Abuja tana tsakiyar ƙasa kuma tana da filin faɗaɗawa.

Kogin Neja ya taso daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya bi ta iyakar Benin, sannan ya shigo Nijeriya. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. A Lokoja yake haɗuwa da Kogin Binuwai, wanda ya taso daga Kamaru, daga nan su gangara kudu zuwa Tekun Atalantika. Duk da haka Kogin Nilu ya fi shi tsawo, domin ya kai kimanin kilomita 6,650.

Dutsen da ya fi tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi a Jihar Taraba, mai mita 2,419. A Afirka kuwa Kilimanjaro ne, a Tanzaniya, mai mita 5,895.

Ga tambayoyi biyu da sukan kayar da ɗalibai. Ta farko: wace ƙasa ce ta fi girma a Afirka? Tsofaffin littattafai za su ce Sudan. Amma a 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, don haka yanzu Aljeriya ce. Ta biyu: wace hamada ce ta fi girma a duniya? Da yawa za su ce Sahara. A wurin masana, hamada ita ce wurin da ruwan sama ya yi ƙaranci ƙwarai, ko da zafi ko da sanyi. Bisa wannan, Antatika ce ta fi girma. Sahara ita ce mafi girma a cikin hamadu masu zafi.

Kashi na Uku: Sararin Samaniya

Rana tauraruwa ce kamar sauran taurari. Muna ganin ta da girma ne saboda ta fi su kusa da mu. Tsakaninmu da ita akwai kimanin kilomita miliyan 150, kuma haskenta yakan yi minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso gare mu. Duniyoyi 8 ne suke kewaya ta, tamu ce ta uku, Jupita kuma ta fi su duka girma. A da ana lissafa 9, amma a 2006 masana suka cire Fuluto daga jerin.

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake haskawa da shi. Nisansa daga gare mu kimanin kilomita 384,400 ne. Daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar wani akwai kusan kwana 29 da rabi. Shi ya sa shekarar Hijira take da kwana 354 ko 355, wato ta kasa ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Neil Armstrong ne mutum na farko da ya taka wata, a watan Yuli na 1969.

Husufin rana yakan faru idan wata ya shiga tsakanin rana da duniya ya tare haske. An ga irinsa a Nijeriya ranar 29 ga Maris, 2006, inda gari ya yi duhu da safe a wasu wurare.

Hausawa sun daɗe suna lura da sama. Suna kiran wani haske mai ƙyalli da ake gani kusa da wata Zara, har sukan ce Zara matar wata. A gaskiya Zara duniya ce, ita ce Binus, kuma ta fi kowace duniya zafi, ko da yake Makyuri ta fi ta kusa da rana. Dalili shi ne iska mai kauri da ta lulluɓe ta tana riƙe zafi. Akwai kuma wani gungun taurari da ake kira Kaza da 'Ya'yanta, saboda yadda suka cure wuri ɗaya.

Kammalawa

Ilimi irin wannan da kaɗan-kaɗan ake tara shi, da yayyafi kogi kan cika. Ku sami ɗan littafi ku riƙa rubuta sabon abu ɗaya kowace rana. Idan kun ji sunan wuri, ku nemo shi a taswira. Abin da ya shige muku duhu ku tambayi malaminku, domin matambayi ba ya ɓata.

Ma'anar Kalmomi

Muzuru: namijin kyanwa.
Ƙirƙira: fito da sabon abu.
Ratsa: bi ta cikin wuri.
Ɓalle: rabu da wani abu.
Gungu: taron abubuwa a wuri ɗaya.

Nahawu: Kalmomin Tambaya

Ana amfani da "wane" ga namiji, "wace" ga tamace, "waɗanne" ga jam'i.
Wane kogi ne ya fi tsawo?
Wace jiha ce ta fi faɗi?
Waɗanne koguna ne suka haɗu a Lokoja?
"Nawa" tana tambayar adadi, "yaushe" lokaci, "ina" kuma wuri. Kalmar "fi" ta kwatanci ce: Nilu ya fi Neja tsawo.

Auna Fahimta

1. Me ya sa zanen katun yake bayyana kamar yana motsi?
2. Mece ce ma'anar Simba, kuma daga wane harshe ta fito?
3. Daga ina Kogin Neja ya taso?
4. Me ya sa Sudan ta daina zama ƙasa mafi girma a Afirka?
5. Yaya husufin rana yake faruwa?
6. Cike gurbi da wane, wace ko waɗanne: ____ duniya ce ta fi zafi? ____ dutse ne ya fi tsawo?

Aikin Aji

Ku rabu gida biyu. Kowane rukuni ya tsara tambayoyi 5 da Hausa a kan jiharku, ya yi wa ɗayan. Amsa daidai maki 1 ce, amsa tare da dalili kuwa maki 2.